Alkawarin Malam Inuwa da Ruwan Tiga

A daminar 1974 ruwan madatsar Tiga ya fara cin gonakin ƙauyen su Malam Inuwa. Kowa ya tashi zuwa sabon matsuguni ta wajen Bebeji, ban da Malam Inuwa. Ya yi wa mahaifinsa alkawari, tsohon yana gargara, cewa ba zai bar gidan gado ba muddin yana numfashi.

Ɗansa Labaran, ɗalibin falsafa a Zariya, ya zo hutu ya tarar da maganar.

"Je ka ce masa babarka na kwance rai a hannun Allah," in ji Goggo Salamatu, ƙanwar Malam Inuwa. "Zai taso."

A aji Labaran ya sha kare ra'ayin cewa ƙaryar da ta ceci rai ba laifi ba ce. A hanya sai ya hango ɓarakarta: ran da uban ya gane, zai koma, kuma ba mai sake jan shi.

Ya same shi a zaure, ruwa ya kai gindin rumbu. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, masana sun ce da sakamako ake auna aiki. Alkawarin nan bai amfani Kaka ba, mu kuwa yana cutar da mu."

"Masanan nan naka suna da iyaye kuwa?"

"Suna da su."

"To Allah ya ji ƙan iyayen. Gai da mutan gida, ɗan boko."

Labaran ya tuɓe takalmi, ya jawo tabarma ya zauna.

"Me ke nan?"

"Na karɓi hukuncinku. Tunda alkawarin ɗa ga uba ya fi komai, ga nawa: ba zan fita gidan nan ba sai ƙafata ƙafarku."

"Ban nema ba."

"An riga an yi, Baba. Abin da ya ɗaure ku ya ɗaure ni."

"Karatun fa?"

"Ya jira."

Suka yi azahar tare. Kafin la'asar ruwa ya taɓa dokin ƙofa. Tsohon ya dubi ruwan, ya dubi ɗansa, wanda ke ɓare gyaɗa hankali kwance.

Malam Inuwa ya miƙe ya nufi makabarta, ya daɗe yana addu'a a kabarin mahaifinsa. Da ya dawo bai zauna ba.

"Shi ma uba ne, zai gane," ya ce. "Ɗauko mini buzuna da fartanya. Ka kuma tsamo takalminka, ga shi can ruwa zai tafi da shi."