Dashen Koriyanda

Malamin Gona ya ɗaga dami na huɗu, ya juya shi, ya leƙa gindinsa, ya mayar. Mai kayan miyar, wata tsohuwa da ke korar ƙuda da guntun kwali, ta gaji da kallonsa, ta tambaye shi ko ganye ya zo saye ko kuwa saiwa. Ya ce mata koriyanda yake so, ganyen nan mai ƙamshi na miya, wanda aka tumɓuko da saiwarsa, kuma ban da wanda ya yi yaushi.

"In dai dasawa za ka yi, Malam, kada ka wahalar da kanka," in ji ta. "Wannan ganye ba ya son dashe. Inda aka shuka shi nan yake rayuwa, kana taɓa saiwarsa ya yi fushi."

Ya ce ya sani. Gaskiya ya faɗa kuwa, sai dai sanin bai fi mako guda a kansa ba. Ya sayi dami shida, ya cusa a leda, ya shiga bas ya maƙale ledar a tsakanin ƙafafunsa kamar wanda ya ɗauko kayan sata.

Shekara talatin da biyu ya yi yana yawon ƙauyuka a kan babur, yana koya wa manoma tazarar masara da dashen tumatir, har sunan aikin ya cinye sunansa na yanka. Ya yi ritaya, ya koma gidan ɗansa da zama, amma halin bai yi ritaya ba. Mutum ne da ba ya iya ganin shuka ya wuce bai yi gyara ba.

Surukarsa, matar ɗan nasa, tana da ɗan fangali a bayan kicin, bai fi faɗin tabarma ba. Da za ta tafi jinyar yayarta ta mako uku, ta durƙusa ta roƙe shi abu ɗaya tak: ruwa safe da yamma. Ta gaya masa irin na mahaifiyarta ne, wadda ta rasu bara, a ƙullin tsumma ta bar mata shi, kuma duka ta zuba don tana so ya yi fure ya yi 'ya'ya ta tara sabon iri. Ya yi dariya, ya ce ta je abinta, a hannun masu abu ta bar shi.

Kwana goma ya daure yana ba da ruwa, hannunsa yana ƙaiƙayi. Shukar ta fito kore shar, amma a cunkushe, watsi kawai aka yi, ba layi ba tazara, abin da ya sha yi wa manoma faɗa a kai. Rana ta sha ɗaya ya ɗauko igiya da turaku, ya cire tsiron ɗaya bayan ɗaya, ya jera su reras, ya ja da baya yana yaba kansa. Washegari suka sunkuya. Ya yi musu rumfa da buhu, ya ƙara ruwa, ya barbaɗa taki, duk a banza. Kafin kwana biyar sun bushe sun zama kamar zare, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira ba. Ɗansa kuwa sammako yake yi, kuma bai taɓa leƙa bayan kicin ba, don haka babu wanda ya sani. Yau surukar za ta dawo.

Yana isa gida ya tsugunna a fangalin, ya kwashe busassun, ya zare turakun ya ɓoye. Ya shiga binne na kasuwa, da gangan yake cunkusa su ba tsari don su yi kama da aikinta. Dattijo guda, furfura fari fat, yana waige-waige duk motsin ƙofa. Kunya ta ishe shi tun kafin kowa ya gan shi, amma bai daina ba sai da ya cika fangalin.

Da azahar ɗansa ya ɗauko matar tasa daga tasha. Ta gaishe da Malamin Gona har ƙasa, ya tambayi mai jiki, ta ce da sauƙi. Ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya bayan kicin. Shi kuma ya laɓe a jikin labulen ɗakinsa yana leƙenta. Rana ta riga ta kwantar da ganyen. Ta tsugunna ta daɗe tana kallo, sannan ta kai hannu ta taɓa guda ɗaya, ya biyo hannunta ba gardama. Ta duba saiwar, ta mayar da shi ramin, ta danna ƙasar da yatsa a hankali. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da ta zagayo sai ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta yi masa godiya, ta ce Allah ya ƙara girma. Ya ce ba komai.

Da yamma ta kawo abinci falo, ta yanka ganyen ƙanana ta barbaɗa a kan miya. Ɗan nasa ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce wannan ƙamshi ya tuna masa da girkin marigayiya mahaifiyar matarsa, Allah ya ji ƙanta, kuma wannan iri nata daban ne, ba za a taɓa haɗa shi da na kasuwa ba. Ya juya ya ƙara da cewa ai dole ya yi kyau, tunda Baba ne ya kula da shi. Ita dai amin kawai ta ce, kanta a ƙasa, tana zuba ruwa a kofi.

Malamin Gona ya ajiye cokalinsa.

"'Yata, wannan ba na mahaifiyarki ba ne," ya ce. "Na kasuwa ne, yau da safe na saya. Naki ni na kashe shi da hannuna. Kin ce ruwa kawai, na je na yi dashe."

Ɗan ya tsaya da loma a hannu, yana kallon wannan yana kallon wancan.

"Na sani, Baba," in ji ta. "So na yi ka ci abincinka tukuna."

Malamin Gona ya tambaye ta ko akwai sauran irin, ko da ƙwaya biyu ne a gindin tsumman, ko a wurin yayarta. Ta girgiza kai. Ta ce masa ya ci kada abincin ya huce, ta ɗauki jug ɗin da bai ko kai rabi ba ta ce bari ta ƙaro ruwa. Suna jin famfon kicin yana ta zuba, ya daɗe yana zuba, ba ta fito ba.

Ya ɗauki cokalin, tunda abin da ta roƙa ke nan, ya ci gaba da ci har ya cinye.