Ranar da Wa'adin Yaya Tabawa Ya Cika

Jiya bayan azahar na yi wani mafarki, kuma gara na faɗa tun yanzu cewa kafin na kwanta na riga na san akwai abin da ke shirin lalacewa a gidana.

Sunana Tanimu, ina sayar da kayan keke a Funtuwa, ina kuma yin faci. Ina da 'yar fari mai shekara ashirin da shida. Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na yi mata doguwar magana ido da ido ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu na yi da ɗan fari. Duk abin da zan gaya mata, yayata Tabawa nake gaya wa ta kai, amsar kuma ta bakin Yaya take dawowa.

Yarinyar ta karanci kwamfuta, ta samu aiki a Legas wurin masu kula da wata manhaja da suke kira furoksi. Yadda Yaya ta kawo mini bayanin, wai abu ne da ke tsayawa tsakanin wayarka da babbar na'urar da kake nema a intanet, ya kai saƙonka, ya kawo amsa. Wai a buɗe yake, kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara. Wai kuma akwai samfurin da ake yi wa alkawarin kulawa na shekara biyar, ana toshe masa ɓaraka, ranar da wa'adi ya cika a janye hannu.

Na ce, "Yaya, ai wannan ke ce."

Ta ce, "To ni ma wa'adina ya cika. Kunnena ya yi nauyi, gwiwata ta ƙi. Motarta gobe da safe. Ta ce ba za ta hau ba sai ta ji ka amince, masu aikin kuma ba za su jira ta ba. Ka gaya mata da bakinka."

Na ce zan yi tunani. Na shimfiɗa tabarma a zaure.

Sai na gan ni a wani gari da ruwan sama ke tasowa daga ƙasa, mutane na tafiya a kan lemarsu don kada wando ya jiƙe. A garin nan ba mai yi wa wani magana kai tsaye. Na ga wani yana tayin tumatir, ya raɗa wa agwagwa, agwagwa ta taka ta raɗa wa mai tumatir. Ban yi mamaki ba. Na ga tsari ne mai kyau.

A tsakiyar titi Yaya Tabawa na zaune a kan turmi, an liƙa mata takarda a goshi: "Samfuri na biyu. Kulawa za ta ƙare da la'asar." Zabbi bakwai na kewaye da ita da allura da zare, suna ɗinke mata zani duk inda ya yage.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ki gaya wa yarinyar nan na amince."

Ba ta ko motsa ba ta ce, "Ta ce a saya mata ja, mai igiya."

"Ja mai igiya kuma?"

"Takalmi."

"Yaya, wannan ai amsar sallar da take aji uku ce."

"Ita nake da ita a ajiye. In tambaya ta yi kama da wata, ba na wahalar da ƙafata, ta ajiye nake bayarwa. Ya fi sauri." Ta dube ni. "Ka je ofis, Tanimu. Rana na gangarawa."

Ofishin yana saman bishiyar kuka, ana hawansa ta hanyar gangarawa rijiya. Shugabar wurin wata akuya ce mai tabarau, tana karanta takarda daga sama tana cinye ta daga ƙasa. Ita kaɗai ce a garin ake yi wa magana ba ɗan aike, saboda ta cinye nata.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ƙarin wa'adi nake nema wa yayata. Kwana ɗaya tak."

Ta ce, "Shekara biyar muke bayarwa. Taku ta ci ashirin da shida. Ka san su wa ke ɗinke ta?"

"Zabbi."

"Ka taɓa ba su ko tsabar gero?"

Na ce ban san ana ba su ba.

"Ba a ba su. Sa kai suke yi. Amma ka taɓa ce musu sannu?" Ta haɗiye sauran takardar. "Mun aika maka sanarwa sau uku cewa ranar nan na zuwa."

"Ban gani ba."

"Ta hannun yayarka muka aika. Ta ga za ta tayar maka da hankali, ta ajiye. Hanya biyu ce. Ko ka koma sabon samfuri, ko ka ɗauki tsohon ka ci gaba da kula da shi da hannunka. A buɗe yake, ba mai hana ka."

Na ce zan gwada sabon. Ni mutum ne mai yarda da sabon kaya in an gwada mini.

Sabon samfurin yana tsaye a bakin tasha. Yaya Tabawa ce sak, amma ta aluminiyam, da baki uku, ba ta cin goro. Kafin na gama sallama ta amsa, ta tambayi gida, ta yi mini sai an jima.

Na ce, "Tsaya, ina da saƙo. Na amince ta tafi."

Bakin farko ya ce, "Sunan mai karɓa."

"Yarinyar nan."

Na biyu ya ce, "Tsohon samfuri ne ke karɓar haka. Mu sai da suna."

"Ai kin san ta. Ke kika yaye ta."

Na uku ya ce, "Ba a kwaso mini wannan ba. In ka nace, zan aika yadda ka faɗa."

Na nace. Nan take ƙofofin garin suka buɗe, duk wata yarinya ta fito da akwati a ka. Har da jaririya a cikin kwando, tana riƙe da tikiti. Iyayensu suka biyo su, kowa na raɗa wa agwagwarsa zagi, agwagwa na kawo mini. Na karɓi zagi ɗari da wani abu cikin ladabi. Na duba layin daga farko har ƙarshe. Tawa ba ta ciki.

Baki na biyu ya ce, "Ita ta rufe ƙofarta ga saƙon da ba suna. Aikinta ke nan, ta san ɓarayi da shi suke shiga."

Na ji daɗin wannan, duk da halin da nake ciki. Na ce wa wani mutum a gefena, ta bakin agwagwarsa, "'Yata ce."

Na koma wurin tsohuwar Yaya da akwatin facina, wanda ban san na taho da shi ba. Zabbi sun ragu zuwa uku, suna ta duban rana. Na ce musu sannu da aiki. Ɗaya ta saki allurarta don mamaki.

Na ce, "Yaya, juya. Ni zan kula da ke daga yau. Tayar da ta fi ki tsufa na tayar."

Ta juya. A bayanta akwai 'yar ƙofa kamar ta kabad. Na buɗe na shiga. Ciki ɗaki ne babba mai sanyi, da kantoci har rufi, kwalabe a jere, kowace da kwanan wata. Na buɗe ɗaya, sai na ji muryata tana cewa, "Ki gaya mata karatun nan ya isa haka." Na tuna ranar. Amsar da ta dawo mini a lokacin ita ce, "Ta ce ta gode da addu'a."

Na ɗaga murya na ce, "Yaya, ashe ba ki kai wannan ba?"

Daga waje ta ce, "Na kai. Na dai wanke shi tukuna."

Kantar da ke fuskantar tawa ta yarinyar ce. Na buɗe wata ƙaramar kwalba. Muryar yarinya 'yar shekara tara ta ce, "Gwaggo, ki tambayi Baba ko ya san sunana." Na riƙe kwalbar. Ba wanda ya taɓa kawo mini wannan tambayar.

"Wannan fa, Yaya?"

"Na ce mata shi ya raɗa miki shi, har rago ya yanka. Ta ce to. Ka bar buɗe-buɗen nan, ka yi facinka."

Na yi faci. Na san aikina. Na goge, na shafa gam, na hura, na danna. Amma ina liƙe nan, can na tsagewa, maganganu na tsiyaya ta ko'ina suna gudu a titi kamar 'yan tsaki. Na fito da gam har gwiwar hannu. Zabbi suka naɗe zarensu suka yi mini sallama da ka. Ladanin garin, wanda raƙumi ne, ya gyara murya zai kira la'asar.

Yaya ta ɓare takardar goshinta, ta ninke, ta share haƙori da ita. Ta sauka daga turmin.

Na ce, "Yaya, saƙo ɗaya. Na ƙarshe."

Ta ce, "Iye?"

"Saƙo ɗaya!"

"Na ƙoshi, na ci ɗazu." Ta wuce abinta, tana tafiya a kan ruwan da ke hawa sama har ta shige gajimare.

Da ta tashi sai na ga ashe ita ce ta tare mini titin. Can ƙetare ga mota ba taya, a tsaye kan ƙafafun jimina, tana haƙar ƙasa. Yarinyar na tsaye a ƙofar motar, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Tsakanina da ita ba agwagwa, ba akuya, ba kowa, taku goma sha biyu ne kawai. Direba ya ɗaga bulala.

Ta ce, "Baba." Ban taɓa sanin muryarta ta yi kauri haka ba.

Na ce, "Na amince."

Ba ta motsa ba. Maganar ta je rabin titi ta tsaya tana waige-waige, ba ta san wurin wa za ta ba.

Garin duka ya zubo mini ido. Na ga mahaifina marigayi a kan katanga yana kallona, ya ja hularsa ya rufe ido da ita. Ban san ko kunya ce ta sa shi ba, ko dama ya ba ni. Na ɗauka dama ce. Na buɗe baki na kira sunan. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya fito da tsatsa kamar sarƙar keken da ta shekara a rumbu, amma ya fito duka, ya haye titin, maganar ta bi bayansa.

Ta ɗago kai za ta amsa.

Sai mai ruwa ya bugi ƙofar zaure da kurarsa, jarkoki suka yi ƙara, na farka da zanen tabarma a kumatu.

A bakin ƙofar cikin gida yarinyar na durƙushe, ta ajiye mini buta. Kanta a sunkuye, yadda ta saba. Ta daɗe a wurin fiye da yadda ajiye buta ke buƙata, sannan ta miƙe ta shige. Da yamma na ji ana jan zif ɗin akwati a ɗakinta, amma ban san ko rufewa ake ko buɗewa ba.

Yanzu gari ya waye, motar ƙarfe takwas za ta tashi, na sa rigata ina zaune a zaure. In ta fito zan faɗa mata, wannan na yanke. Abin da har yanzu ban sani ba shi ne ko na furta sunan nan a fili ina barci, da kuma ko ta ji.