Taku Arba'in Daga Rijiya

"Mama, wai shi Mai Farin Doki ba shi da suna ne, ko ke ce kika manta?"

Inkar ce ta jefo tambayar, 'yar shekara bakwai, bakinta cike da gurasa, kuma a gaban kowa. Saura kaɗan uwarta Jazira ta ɓarar da shayin da take tsiyaya wa Aje Kulash, kakar mijinta. Wace suruka ce za ta buɗe baki ta ambaci sunan kakannin miji? Tun da aka kawo ta gidan nan ta sa wa marigayi kakan Aje wannan laƙabi, da shi kuma take kiransa.

"Haɗiye abincinki tukuna," in ji ta. "Sannan ki zo ki karanta mini wani abu."

Labarin da gidan ke rayuwa a kansa ɗaya ne. A shekarar babbar yunwa, mahaifiyar Aje Kulash ta binne awarwaronta na azurfa ƙarƙashin murhu, a mazauninsu na lokacin sanyi, suka gudu. Da suka dawo bayan shekaru, ɗakunan laka sun zama ƙasa. Abin da ta bar wa 'yarta shi ne: gidan yana bakin kogi, murhun kuwa taku arba'in daga rijiya, idan ka fuskanci alƙibla. Bekzat, mijin Jazira, ya sayi na'urar gano ƙarfe, ya yi bazara uku yana sintiri a bakin kogi. Abin da ya tara: ƙusoshi, takalman doki goma sha ɗaya, da murfin buta. Ga shi mako mai zuwa taraktocin gonar alkama za su kifar da filin duka, Aje kuwa ta haura tamanin, idanunta sun yi hazo.

Jazira ta ture kofuna, ta shimfiɗa takarda. Jiya da ta kai Inkar wajen likitan haƙori a gunduma, iska ta kore su cikin ɗakin ajiyar kayan tarihi, ta ga tsohuwar taswira a bango, wadda masu awon ƙasa suka zana tun zamanin sarakunan Rasha. Ba ta fita ba sai da aka yi mata kwafi.

Ta ɗora yatsa a wani ɗan rubutu. Inkar ta matso, ta haɗa baƙaƙen a hankali. "Ti… lew… bai."

Aje ta ajiye kofi. "Kakana!"

Bekzat ya yi tsalle har ya buge fitila da kai. Ya duƙa kan takardar, can sai ya ɓata fuska. "Ai wannan zanen shirme ne. Sun sa kogi a gabas da tudu, alhali a yamma yake."

"Kogin ne ya tashi, malam mai takalman doki," in ji Jazira. "Shekara ɗari da ɗoriya ka ce ruwa ya zauna yana jiranka? Ka yi bazara uku kana gaida inda kogin ya koma."

Aje ta yi dariya har da tari. "Surukata, da ke muka ba na'urar tun farko!"

Washegari da hantsi suka loda a tsohuwar motarsu, da shebur, da butar shayi, da busasshen cuku, Aje a gaba an lulluɓe ta da bargo. Bayan tudu suka tarar da wani kwari mai lanƙwasa, ciyawarsa ta fi ta ko'ina kore. Lanƙwasar ta yi daidai da ta taswira, kamar an ɗora ɗaya kan ɗaya. Bekzat ya diro tun motar ba ta gama tsayawa ba, Inkar ta buɗe ƙofa za ta bi shi a guje.

Jazira ta cafke wuyan rigarta. "Ba inda za ki."

"Haba, Jazira, fili ne fetal!" in ji Bekzat.

"Ka ga 'yar da'irar nan kusa da sunan a taswira? Rijiya ce. Ban ga wanda ya rubuta cewa an cike ta ba. Babu mai taka ciyawar nan sai na san inda take."

Ta zaunar da yarinyar a cinyar Aje, ta rufe ƙofa, ta ɗauki doguwar sanda. Taku ɗaya, ta caka. Taku ɗaya, ta caka. Bekzat na biye yana gunaguni, wai da wannan tafiya taraktoci za su riga su. Can, a wani wuri da ciyawa ta ɗan lotsa, sandar ta wuce zuruf, ta ƙwace daga hannunta. Suka kasa kunne. Sai da aka daɗe kafin su ji ta faɗa ruwa.

Bekzat ya dubi motar, ya dubi ruɓaɓɓun katakan da suka rufe bakin ramin ƙarƙashin ciyawa. Sai kuma idonsa ya buɗe. "Rijiyar! Aje, mun sami rijiyar!"

Ya juya wajen alƙibla, ya ƙirga arba'in, ya kunna na'ura. Shiru. Ya zaga hagu, ya zaga dama. Shiru.

"Takun raƙumi kake yi," Aje ta ƙwala daga mota. "Uwata guntuwa ce kamar matarka, kuma kullum da guga biyu take wannan tafiyar."

Jazira ta koma bakin rijiya, ta riƙe butar shayi a hannu ɗaya, shebur a ɗayan, ta tako kamar mai gudun ruwa ya zube. A arba'in ta tsaya, gaba kaɗan da rabin tazarar da mijinta ya yi. Bekzat bai gama kawo na'urar gaban takalminta ba, na'urar ta fashe da kuka.

Sun haƙa kamu biyu suka ci karo da duwatsu masu baƙin hayaƙi. Ƙarƙashinsu ga ragowar tsumma, a ciki ga wani abu baƙi ƙirin mai faɗi, da jan dutse a tsakiya. Jazira ta goge shi da gefen ɗankwalinta, farin azurfa ya leƙo.

Aje ba ta iya ganinsa sosai ba. Da yatsu ta bi zanensa, ta kai shi hanci, ta manna a goshi. Sannan ta laluba hannun Jazira ta zura mata.

"Aje, ai naki ne…"

"Na taɓa shi, ya ishe ni. Ki riƙe wa wannan mai bakin tambayar."

Bekzat na ta rawa da shebur, Inkar na ihun a sake ta. Jazira dai ba ta bari an tayar da mota ba sai da suka kewaye bakin rijiyar da duwatsu, suka kafa sanda da jan ƙyalle saboda masu tarakta.

Kai kuma da ka ji wannan har tafin hannunka ya fara ƙaiƙayi, ka saurara. Gidajen da ke cikin tsohuwar taswira sun rushe, amma rijiyoyinsu suna nan da baki buɗe ƙarƙashin ciyawa. Kafin ka kunna na'ura, nemi rijiyar da sanda, kuma kada ka saki hannun ɗanka sai ka gan ta da idonka.