Babin da Sa'adiyya Ta Karanta

Kuna cikin zauren ranar da aka ƙaddamar da littafin, kada ku ce ba ku gani ba. Lokacin da Malam Zubair ya miƙa wa Sa'adiyya sabon littafinsa, sunkuyar da kai kuka yi kuna latsa waya.

Malam Zubair marubuci ne da sunansa ya wuce Kano. Ya fara da littattafan soyayya, ya koma na tarihi. Da alƙalaminsa ya bushe, sai ya buɗe ajin koyon rubutu a Kazaure, duk Asabar. Dokarsa ɗaya ce: ba a taɓa takarda sai an ba da labarin da baki a gaban 'yan aji.

A haka Sa'adiyya 'yar Roni ta yi damina guda tana ba ku labarin kakarta, Hajja Kaka, wadda ta zo daga Barno ba ta jin Hausa, ta koye ta wajen tallan turaren wuta gida-gida. Malam ya ce labarin bai nuna ba tukuna, kada ta rubuta.

Ga shi an buga, da sunansa a bango.

"Zo, 'yata," in ji shi. "Muryarki ta fi tawa. Karanta wa manyan baƙi babi na farko."

Ta fara. An mai da sunan tsohuwar Dela, amma har tarin da take yi idan hayaƙi ya shaƙe ta yana nan. Sa'adiyya ta iso inda aka ce tsohuwar ta sauka a Gwiwa. Ta tsaya.

"Allah gafarta Malam, ba a Gwiwa ta sauka ba. A Roni ne."

"Ƙagaggen labari ne, 'yata. Ci gaba."

"Kakata ce. Ni na kawo labarin aji."

Alhaji Muhammadu Lawal, mai ƙaddamar da littafin, ya ɗaga hannu. "Ke yarinya, malaminki ne fa!"

Malam ya yi murmushi, ya juyo gare ku. "Ai ga 'yan ajin nan. Falalu, Bilqis, kun taɓa jin wannan a bakinta?"

Falalu, wanda ke jiran Malam ya rubuta wa littafinsa gabatarwa, ya gyara zaman hularsa. Bilqis, wadda ta yi kuka a aji ranar da labarin ya zo wajen mutuwar tsohuwar, ta ce, "Malam ya fi mu sani."

Sa'adiyya ta dube ku ɗaya bayan ɗaya. Ta ajiye littafin, ta rusuna wa manya kamar yadda aka koya mata, ta fita. Aka tafa wa Malam.

Tun ranar ba ta sake ba kowa labari ba, ko yaran gidansu.

Asabar mai zuwa za a karanta littafin a Babura. Da kunnenku kuka ji labarin daga bakinta. Ku je, ku miƙe tsaye, ku faɗa.