Gemun Malam Halliru da Tulun Baba

Ranar da aka kawo Shatu gidan mijinta a Roni, cikin kayanta har da wani baƙin tulu na rini. A gidansu a Gwiwa mata ke rina zare a tsakar gida, kuma hannun Shatu ya fi na kowa kyau a zaren tsamiya, wannan silikin da ake ɗinkin wuyan riga da shi.

Surukinta Malam Halliru, mai rubuta wa hakimi wasiƙu, ya shaƙi warin baba, wato shunin rini, sau ɗaya ya yanke hukunci. Ya ce wa matarsa Inno, "Gidana ba marina ba ce. In na sake ganin tulun nan, fasa shi zan yi."

Inno ta ce to. Da ya fita, ta saka tulun a tsakiyar tulunan ruwa a gindin rumfa, ta rufe da faifai. Malam idonsa ya yi rauni, kuma ba shi ke ɗibar wa kansa ruwa ba.

Wata uku ana haka. Shatu ta dafa zare da ruwan toka, ta tsoma, ta shanya a bayan rumbu. Mata har daga Kazaure suna aiko da nasu.

Wata Laraba Malam ya tashi da mura mai toshe hanci, ga shi hakimi ya aiko kiransa. Inno ta shiga maƙwabta barka, Lauwali mijin Shatu ya tafi Babura da jakuna. Malam ya kira, ya kira, sai ya ɗauki ƙwarya da kansa don ya wanke gemu kafin ya naɗa rawani. Gemun nan fari ne tas, har ƙirji, kuma yana ji da shi.

Shatu tana ƙofar ɗakinta ta ga ya ɗaga faifan. Tunda aka kawo ta ba ta taɓa yi masa magana ba, gaisuwa ma daga bayan zana take durƙusawa. Ta yi tari. Bai juyo ba. Ta saki ludayi a ƙasa. Bai juyo ba. Sai ta dubi akuyar da ke ɗaure a turke, ta ce, "Ke akuya, ba kowane tulu ne na ruwa ba."

Malam ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "A ba dabbar nan dusa mana."

Ruwan baba in an ɗebo shi kore-kore yake, sai ya sha iska yake komawa shuɗi. Malam ya tsoma gemu a ƙwarya, ya tsefe da yatsu, ya naɗa rawani, ya fita.

Kafin azahar ya dawo da sauri, ya ja rawani ya rufe har hanci. Inno ta riga ta dawo ta ji labari. Ya tsaya tsakar gida ya sauke amawali. Gefen dama shuɗi ne sosai, gefen hagu shuɗi-shuɗi kamar ƙwan tsuntsu, tsakiya kuma fari-fari.

Ya ce, "Ina karanta wasiƙa, hakimi ya ce in dakata. Ya tambaye ni ko lafiya. Dogari ya fita waje, ina jin dariyarsa ta katanga. Kawo min taɓarya."

Inno ta matso ta duba gemun kamar mai taya zane a kasuwa. "Malam, tsomi ɗaya ka yi?"

"Nawa ake yi?"

"Shi ya sa ya yi dabbare-dabbare. Ka fasa tulun, amma baba ba ya fita da sabulu. Sai dai a kira wanzami."

Malam ya dafe gemunsa da hannu biyu. "Shekara talatin ina tara shi."

"To sai a daidaita. Ni kuwa ban iya ba. Mai tulun ce ta iya."

 Malam ya dubi sama, ya dubi taɓarya, sannan ya zauna a kan turmi ya juya wa ɗakin Shatu baya. Ya ce, "Wannan ba ado ba ne, gyara ne. Kowa ya shaida."

Shatu ta tsuguna bayan zana tana raɗa wa Inno, Inno tana aikatawa.

"Ta ce a tsoma, a ƙirga ashirin."

"Ashirin ɗin wa? Naki ko nata?"

"Ta ce ka daina magana, yana motsi. Ta ce yanzu ka ɗaga haɓa ya sha iska, kamar yadda ake shanya zare."

Sau biyar aka tsoma. Da la'asar gemu ya fito baƙi wuluk yana ƙyalli, har Inno ta ce ko tsamiyar matar hakimi ba ta kama haka ba.

Malam ya miƙe ya kai hannu ga taɓarya. Aka yi raɗa a bayan zana.

"Me kuma ta ce?"

"Ta ce nan da kwana goma farin zai tsiro daga tushe."

Malam ya shafa gemunsa. Daga baya ya jingine taɓaryar a bango, ya ce, "A matsar da tulun daga cikin na ruwa. Kuma a riƙa rufe shi da kyau, kada ƙura ta shiga."