Watan da Dalhatu Bai Gani Ba

A shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina, ranar ashirin da tara ga wata, an sheƙa ruwa da la'asar a wani ƙauye kusa da Adabka. Can hadarin ya janye, ya bar yamma fes kamar an wanke ta. Surajo ya jingine tayar babur ɗin da yake faci, ya nufi tudun da ke bayan rijiyar gari.

Babu mai ɗaukar maganar Surajo da nauyi a garin. Tun da ya gudu daga firamare a aji huɗu aka yanke cewa ba ya da zama. Amma a shekara biyun da ya yi yana bin shanun wani Bafillace mai suna Sambo, ya koyi sama kamar yadda wasu ke koyon allo. Cikin taurari, ya san lokacin da Kaza da 'ya'yanta ke ɓullowa da asuba, ya san Gamzaki, ya san Zara. Sambo ne ya nuna masa yadda ake neman jinjirin wata: ka riƙe inda rana ta faɗi da ido, ka miƙa hannu, ka auna tafi guda sama, ka jira ja ya dushe.

A kan tudun ya tarar da kawunsa Dalhatu, telan garin, ƙanen innarsa, da zare maƙale a gemu. Dalhatu ya ce ya fito miƙe baya ne kawai. Suka zuba wa yamma ido. Zara ta fito tana ƙyalli, sai Surajo ya sauke ido ƙasa da ita ta hannun dama, ya ga jinjirin watan, siriri kamar yankan farce, saitin reshen wata kuka. Ya kama kafaɗar kawun ya juya shi. Dalhatu ya daɗe yana kallo, sannan ya yi salati a hankali ya ce, "Ga shi nan kuwa. Na shiga uku."

Ba a jima ba gajimare ya rufe wurin.

Bayan sallar magariba, mutane na shan kunu a ƙofar masallaci, Surajo ya durƙusa gaban liman, Malam Tanko, ya ce ya ga wata. Liman ya yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: ina ƙahonnin suka fuskanta, tsayinsa nawa daga ƙasa, ta wane ɓangaren Zara yake. Surajo ya amsa duka ba gargada. Liman ya gyaɗa kai, ya ce ba a aika wa hakimi da shaidar mutum guda, ko akwai wanda ya gani tare da shi. Surajo ya nuna kawunsa.

Dalhatu ya sunkuyar da kai yana juya ludayi a cikin kunu.

"Allah gafarta Malam, kwana tara idona na kan allura. Na dai ga wani abu fari-fari. Ban iya rantsuwa."

Wani daga baya ya ce yunwa ce ta zana wa yaron wata, wani ya ce gara a ba shi ƙosai kafin ya hango ragon Layya. Aka bushe da dariya. Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce gobe azumi, kuma shi ma Surajo kada a ga ya kai komai baki. Surajo ya tashi, ko kunun bai taɓa ba.

Kai tsaye ya bi Dalhatu zauren da yake ɗinki. Yadi a jibge har kan tabarma, riguna goma sha ɗaya ba a haɗa wuyansu ba, har da babbar rigar mai gari. Dalhatu ya kunna fitila ya zauna kan keken ɗinki bai dube shi ba. Ya ce azumin yini guda bai taɓa kashe kowa ba. Ya ce da ya amsa, gobe rabin gari za su je idi da tsofaffin kaya, kuma shi za a tsine wa har wata Sallar, babu mai sake kawo masa ko ɗan tofi.

"Kawu, da kunnena na ji kac ce ga shi nan."

"Awo, na ce. To mi kaka so in yi? Kai ba ka da abin ɓatawa, Surajo. Gobe sun mance."

Wannan maganar ta fi dariyar ƙofar masallaci ƙona shi. Ya shuri kwandon ƙyallaye ya fita. A gida Inna ta tare shi, ta ce ya rufe bakinsa, kawunsa ne, ba a tona ɗan'uwa a gaban gari. Ya tambaye ta shi da aka tona fa, ba ɗan kowa ba ne? Ta tura masa kwanon tuwo.

Ba su mance ba. Washegari duk wanda ya wuce rumfar facinsa sai ya ce masa barka da Salla. Ya yini da ƙishirwa a ranar da ya tabbata ba ta azumi ba ce, yana dukan taya da ƙarfe kamar ita ta yi masa laifi.

Da magariba kowa ya ga wata, ba sai an nuna ba. Ya yi sama, ya yi kauri, ya daɗe bai faɗi ba. Tsofaffi suka riƙa cewa ƙasa-ƙasa wannan ai na kwana biyu ne. Liman ya ce girman wata ba hujja ba ne, maganar ta mutu nan. Surajo ya tsaya a tsakiyarsu yana jiran ko mutum ɗaya ya waiwayo shi. Kowa ya wuce neman awon zakkar fid-da-kai.

Da safe Inna ta shigo ɗakinsa da sabuwar riga ruwan toka, ta ce kawunsa ya aiko, bai runtsa ba sai da ya gama ta. Surajo ya ninke ta ya mayar mata a hannu. Ya yi wanka, ya sa rigar aikinsa mai baƙin mai a ƙirji, ya tafi filin idi. Ya ratsa sahu har ya iske Dalhatu, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. Mutane suka fara waiwaye. Wani dattijo a gefe ya tambaya a hankali, ɗan gidan tela guda ya zo idi haka?

"Ku tambai telan," in ji Surajo da ƙarfi. "Shi ya san abin da yag gani."

Dalhatu bai ɗago ba. Liman ya tayar da kabbara.