Jana'izar Malik Zarmast

Tun muna yara, a kwarinmu maganar Malik Zarmast ce ke raba gardama. Shi ke kiran jirga, zaman dattawa, a gindin bishiyar bakin kasuwa. Liman Sherdad kuwa can gefe yake zama, sai an gama a ce ya shafa fatiha.

Sai ɗan liman, Nasrat, ya dawo daga ƙetaren iyaka da mota cike da 'yan bindiga. Ya ɗauki lasifikar masallaci ya ce jirga al'adar jahiliyya ce, daga yau shari'a a hannunsa take.

Ana haka wata mai takaba, Zarsanga, ta kawo wa Malik kuka. Ƙanen mijinta, wanda ke cikin mutanen Nasrat, ya ƙwace gonar alkamar marayunta. 'Ya'yan Malik suka roƙe shi ya bar zancen, ya koma birnin Peshawar kamar sauran dattawan da suka gudu. Ya ce mace ta tsaya a ƙofarsa, da wace fuska zai sallame ta?

Ya kira jirga. Tsofaffi biyu kaɗai suka zo, mu kuwa muka leƙa daga shaguna. Duk da haka ya yanke hukunci, ya ce gona ta marayu ce.

Ranar Juma'a aka tsinci gawarsa a bakin rafi, rawaninsa cikin laka. Nasrat ya yi shela cewa duk wanda ya sallace ta zai bi sahun mamacin.

Har la'asar gawar na kan gadon igiya a ƙofar gida, ba wanda ya matso. Sai ga Liman Sherdad yana dogara sanda. Ɗansa ya tare shi a hanya.

"Baba, ka koma gida. Mutumin nan bai taɓa zaunar da kai kusa da shi ba."

"Haka ne," in ji tsohon. "Amma Musulmi ne. Matsa min."

Ya ja salla, da 'ya'yan mamacin da tsofaffin nan biyu a bayansa.

Ba a kashe liman ba. Nasrat dai ya tsige shi daga limanci, ya naɗa wani baƙo, tsohon bai sake fita daga gida ba. Zarsanga ta kwashe yaranta ta koma wurin danginta a bayan dutse. Da rani ƙanen mijinta ya girbe alkamar.